Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan: waƙa, doki da ganuwa a yaƙin Darawish na Somaliya

Wajen shekarar 1903, lokacin da rundunonin Ingila ke ta bin sawunsa a dajin arewacin Somaliya, Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan, malamin da ya jagoranci mayaƙan Darawish, ya aika wa Turawa wata wasiƙa da har yau masana tarihi ke komawa gare ta. Ya shaida musu cewa shi ba shi da ganuwa, ba shi da gida, ba shi da gona, ba shi da azurfa ko zinariya da za su kwasa. Ƙasar, in ji shi, daji ce zalla. Idan itace da duwatsu suke nema, ga su nan birjik, ga suri ko'ina, ga rana mai ƙuna, kuma abin da za su samu daga wurinsa yaƙi ne kawai. Wanda ya fahimci wannan wasiƙa ya kama bakin zaren rayuwar mutumin, domin duk ƙarfinsa yana cikin abubuwan da ba sa zama wuri ɗaya, wato doki da raƙumi da baitin waƙa, kuma bai faɗi ba sai bayan da ya gina ganuwar da ya taɓa cewa ba shi da ita.

Somaliyawan arewa makiyaya ne, raƙumi ne ma'aunin arzikinsu, da shi ake biyan sadaki, da shi ake biyan diyya, inda ran namiji yake daidai da raƙuma 100. Harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, amma ba su taɓa zama ƙarƙashin sarki guda ba. Kowa yana jingina ne da danginsa, irin su Darod da Isaaq da Hawiye da Dir, kowane dangi kuma ya rarrabu gida-gida. A kan wannan al'umma ne ƙasashe huɗu suka sauka kusan lokaci guda. Tsakanin 1884 da 1886 Ingila ta ƙulla yarjejeniyoyin kariya da dangogin gaɓar teku, kuma babban abin da take so shi ne naman tumaki da za a riƙa kai wa sojojinta da ke Adan, a ɗaya gefen teku. Faransa ta zauna a Jibuti, Italiya ta kama gabas da kudu. Ta huɗun ita ce Habasha ta Sarki Menelik, wadda ta ci Harar a 1887, ta karya Italiya a Adwa a 1896, sannan a 1897 Ingila ta sallama mata makiyayar Haud ba tare da an tambayi masu kiwo a cikinta ba. Sojojin Habasha masu bindigogin zamani suka riƙa kwasar dabbobin Somaliyawa a yankin Ogaden, alhali dokar Turawa ta hana a sayar wa Somaliyawa makamai.

An haifi Muhammad a 1856, bisa ruwayar da ta fi shahara, a yankin Buhodle. Mahaifinsa malami ne daga dangin Ogaden, mahaifiyarsa kuma 'yar Dulbahante ce, kuma a cikin dangin uwa ya taso, abin da daga baya ya zame masa jari babba, domin kawunnansa ne suka fara ba shi mayaƙa. Ya haddace Alƙur'ani yana yaro, ya yi yawon neman ilimi har Harar da Mogadishu, sannan wajen 1894 ya tafi aikin Hajji. A Makka ya haɗu da Shehu Muhammad Salih, mutumin Sudan, wanda ya kafa ɗariƙar Salihiyya, reshe daga tafarkin Shehu Ahmad bin Idris. Ya karɓi wuridi, ya dawo Barbara, garin gaɓar teku da ke hannun Ingila, a 1895 a matsayin halifan ɗariƙar.

Barbara ba ta karɓe shi ba. Gari ne na fatake da ke cin riba da Adan, kuma malamansa 'yan Ƙadiriyya ne da suka daɗe da kafuwa. Sai ga baƙon malami yana sukar shan taba, da tauna kat, wani ganye mai gusar da barci, har da cin kitsen wutsiyar tunkiya, yana kuma inkarin tawassuli da waliyyan da suka rasu, wanda shi ne ginshiƙin ibadar mutanen garin. Ana cewa a nan ne abokan gabarsa suka fara kiransa mahaukacin malami da harshensu, kafin Turawa su ɗauki laƙabin su mayar da shi “Mad Mullah”, sunan da ya bi shi cikin jaridun Landan shekara ashirin. Akwai labarai biyu na wannan zamani da kowane ɗan Somaliya ya sani, ko da yake sun fi kama da ruwayar baka: cewa da jami'in kwastan ya nemi ya biya kuɗin shiga da kaya, sai ya tambayi Baturen ko shi wa ya biya ranar da ya sauka ƙasar, da kuma cewa ya gamu da yara marayu a makarantar mishan ta 'yan Katolika a Daymole, ya tambaye su danginsu, suka ce su 'ya'yan Fada ne, wato limamin coci. A ƙasar da yaro ke iya jero sunayen kakanninsa ashirin ba tare da tuntuɓe ba, wannan amsa ta fi zagi ciwo.

A 1897 ya koma cikin daji wurin Dulbahante, ya kafa zawiyya, ya shiga sasanta rigingimun dangi, har hukumar Barbara ta yaba masa a rahotanninta. Zaman ya lalace a 1899 a kan bindiga guda, wadda aka ce wani ɗan sandan hukuma ya kai wa mutanensa. Mataimakin jakadan Ingila ya rubuto yana neman a mayar da ita da lafazin da ake yi wa ɓarawo, shi kuma ya mayar da gajeriyar amsa mai zafi. A watan Agusta na wannan shekara ya shiga Burao da dubban mutane, ya shelanta jihadi, ya aika wa Turawa cewa su zaɓi yaƙi ko biyan jiziya.

Sunan da ya ba mabiyansa, Darawish, shi kansa manufa ce. Wanda ya shiga ya ɗaura farin rawani, ya riƙe tasbaha, ya ajiye sunan danginsa, ya yi mubaya'a ga Sayyid kai tsaye. Ya kafa cibiya mai tafiya da ake kira harun, da majalisar makusanta da ake kira khususi, da rundunoni masu kwamandoji, abin da makiyayan arewa ba su saba gani ba. Bai taɓa cewa shi Mahadi ba ne, ko da yake Turawan da suka gama da Mahadiyyar Sudan a Omdurman a 1898 haka suke kallonsa. Matsalar ita ce, al'ummar da ta saba yanke shawara a gindin bishiya, inda kowane magidanci ke da bakin magana, ba ta iya haɗiye umarnin mutum ɗaya cikin sauƙi. Garad Ali, babban basaraken Dulbahante, ya nuna cewa malami ya tsaya ga addini ya bar wa sarakuna sha'anin dangi, sai aka kashe shi. A watan Maris na 1900 Darawish suka afka wa sansanin Habasha a Jigjiga, suka yi asarar rayuka da yawa amma suka ƙwato dabbobin da aka kwashe, abin da ya ɗaga sunansu. 'Yan watanni kaɗan bayan haka suka kai hari kan wani reshen Isaaq suka kore raƙuma kimanin 2,000, kuma daga ranar yawancin Isaaq suka koma gefen Ingila. Tun shekarar farko ke nan yaƙin ya kasance da fuska biyu, ɗaya tana kallon baƙi, ɗaya tana kallon 'yan gida.

Daga 1901 zuwa 1904 Ingila ta tura runduna sau huɗu, wani lokaci da taimakon Habasha, da sojoji daga Indiya da tsakiyar Afirka da Afirka ta Kudu. A Erigo, a watan Oktoba na 1902, Darawish suka yi wa Kanar Swayne kwanton ɓauna cikin ƙaya suka ƙwace bindiga mai sarrafa kanta samfurin Maxim. A Gumburu, ranar 17 ga Afrilu 1903, suka shafe rundunar Kanar Plunkett, hafsoshin Ingila 9 da sojoji kusan 200. Mai karatu zai lura cewa wannan ita ce shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, kuma wata uku bayan Gumburu aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Bambancin yana cikin wasiƙar nan: daular da ke da birni da fada da ganuwa tana da wuyan da za a shaƙe, makiyayi kuwa ba shi da shi. Rundunar Turawa tana buƙatar dubban raƙuma don ɗaukar ruwa kawai, kuma tilas ta bi layin rijiyoyi da kowa ya sani, yayin da dokin Somaliya ke iya kwana biyu ko fiye bai sha ba. Ranar da Darawish suka yi kuskuren tsayawa a fili, a Jidbali cikin Janairun 1904, Janar Egerton ya kashe musu kimanin 1,000 bisa ƙiyasin Turawa. Duk da haka Sayyid ya sulale, kuma a watan Maris na 1905 ya sa hannu a yarjejeniyar Illig da jakadan Italiya Pestalozza, wadda ta ba shi kwarin Nugal da mafita zuwa teku.

A shekarun hutun Nugal ne ya zama mawaƙin da ake magana a kansa, kuma a nan ya kamata a daɗe, domin wanda bai san matsayin waƙa a wurin Somaliyawa ba zai ɗauka ado ce a gefen yaƙi. Harshen Somaliya bai samu rubutu na hukuma ba sai 1972. Kafin nan, abin da jarida da rediyo da wasiƙar sarki ke yi a wasu ƙasashe, waƙa ce ke yin sa. Mafi daraja a cikin nau'o'inta ita ce gabay, doguwar waƙa mai nauyin kari da manyan maza ke rerawa ba kiɗa. Ƙa'idarta ta saɓa wa tamu: mu amsa-amo a ƙarshen baiti muke nemansa, su kuwa a farkon kalma yake. Idan mawaƙi ya zaɓi harafin “d”, to kowane rabin baiti, daga farkon waƙa har ƙarshenta, sai ya ƙunshi kalma mai ma'ana da ta fara da “d”, ko da baitocin sun haura ɗari. Wannan tsanani shi ke sa waƙar ta zauna daram a ƙwaƙwalwa, ya kuma sa da wuya a sauya kalma ba a gane ba. Akwai mahaddata da aikinsu ke nan, su karɓi waƙa daga bakin mai ita su isar da ita kalma da kalma tare da sunansa, kuma Sayyid yana da nasa, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Husaini Diƙle. Baitin da aka rera yau a harun, cikin 'yan makonni ya bi ayarin raƙuma da bakin rijiyoyi ya isa Barbara da Harar da Adan.

Da wannan makami ya yi abubuwan da bindiga ba ta iyawa. Ya kare kansa daga zargi, ya yi wa dangin da ke shakka kirari har su shigo, ya tsine wa wanda ya fita, ya tona asirin basaraken da ya karɓi albashin Turawa, ya yi kukan mutanensa da aka kashe. Ya san raƙumi da doki da ruwan sama da ƙishirwa sani na makiyayi, shi ya sa har abokan gabarsa ke haddace baitocinsa. Waƙar da ya yi wa dokinsa Hin-Fanin, lokacin da siyasa ta tilasta masa bayar da shi kyauta ga wani basarake, tana cikin abin da ake koya wa yara. Da Larabci ma ya yi rubutu, kamar risalar da ya aika wa dangin Bimal da ke yaƙar Italiya a yankin Marka, inda ya kafa hujjojin jihadi da na haramcin jiɓintar kafirai. Amma fagen waƙa ba nasa ba ne shi kaɗai. Ali Jama Habil na Isaaq da Ali Duh na Dulbahante sun mayar masa da martani da irin makaminsa, suna tambayar wane irin jihadi ne ake yi da kwashe raƙuman Musulmi da kashe masu salla. A ganina wannan ita ce tambayar da bai taɓa amsawa da gamsarwa ba. Hujjarsa ita ce duk wanda ya taimaki kafiri ya bi hukuncinsa, kuma da zarar an buɗe wannan ƙofa, babu rijiyar da ba za a iya halatta ba. Hazaƙar da ta sa waƙarsa ta tara mutane ita ce ta sa zambonsa ya yi zurfin rauni, domin dangin da aka zaga da baiti mai kyau ba ya mantawa, tun da jikokinsa ma sun haddace zagin.

Shekarar 1909 ta kusa rusa shi daga ciki. Wani tsohon makusancinsa, Abdullahi Shihiri, ya je Makka ya dawo da wasiƙa da sunan Shehu Muhammad Salih, wadda ke zargin almajirin da zubar da jinin Musulmi da ƙetare iyakar shari'a. Har yau ana gardama kan ko shehun ya san ainihin abin da aka rubuta, amma Turawa sun yaɗa ta ko'ina, kuma ta yi aiki. Wasu manyan Darawish suka taru a gindin wata bishiya suka ƙulla juyin mulki, abin da aka riƙa kira daga baya bishiyar muguwar shawara. Asiri ya tonu, aka kashe da yawa, wasu suka gudu da mutanensu. A wannan shekarar ce kuma mabiyansa suka kashe Shehu Uwais al-Barawi, babban shehun Ƙadiriyya na gabashin Afirka, a Biyole, shi kuma Sayyid ya yi waƙar murna da kisan. Wannan tabo ne da masu yabonsa kan tsallake da sauri.

Ingila ma ta yi nata laifin, wanda ya fi kowanne yawan gawa. Da ta ga kuɗin yaƙi ya fi ƙarfin amfanin ƙasar, sai a 1910 ta janye zuwa garuruwan gaɓa, ta raba wa dangogin da ke goyon bayanta bindigogi ta ce su kare kansu. Maimakon su fuskanci Darawish, sai suka juya kan junansu da tsofaffin gaba, dabbobi suka ƙare, yunwa ta shigo. Somaliyawa na kiran wannan zamani lokacin cin haramun, saboda abin da yunwa ta sa mutane suka ci, kuma jami'an Ingila da kansu sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mazan yankin sun halaka.

Don gyara wannan ɓarna aka kafa 'yan sandan raƙuma a 1912 ƙarƙashin Richard Corfield, da umarnin kada ya yi arangama da Darawish. Ranar 9 ga Agusta 1913, a tudun Dul Madoba, ya saɓa umarnin, ya tare rundunar Darawish da ke komawa da dabbobin ganima, shi da mutum kimanin 110 a gaban fiye da 2,000. Harsashi ya same shi a ka tun farkon faɗan, mutanensa fiye da 30 suka mutu, Darawish ma suka bar ɗaruruwa a fili. A ma'aunin soja ƙaramar arangama ce. Abin da ya mayar da ita babba shi ne waƙar da Sayyid ya yi bayan kwamandansa Isma'il Mire, wanda shi ma gwanin waƙa ne, ya kawo masa labari. Waƙar tana magana da gawar kai tsaye, tana kiransa Kofil, tana aikensa da saƙo: a hanyarsa ta zuwa wuta, idan 'yan Aljanna suka tambaye shi labari, ya faɗa musu yadda Darawish suka auka masa, yadda ya roƙi sassauci bai samu ba, yadda kura ta ja namansa, hankaki ya tsinke jijiyoyinsa. An gina ta a kan harafin “j”, wanda ya ba mawaƙin damar jera jahannama da janna da jihadi a kan zare guda. Babu tausayi a cikinta ko kaɗan, kuma ba a yi ta don tausayi ba. An yi ta ne don makiyayin da ke tunanin bin Turawa ya ji Baturen da kansa yana ba da shaidar faɗuwarsa.

A daidai wannan lokaci ne ya yi abin da ya saɓa wa wasiƙarsa. Ya mayar da cibiyarsa Taleh, ya kawo magina daga Yaman, suka gina masa jerin ganuwoyin dutse, babbar cikinsu ana kiranta Silsilad, da hasumiyoyi da rumbuna da kaburburan iyayensa. Ya gina wasu a Jidali da Medishe da Shimber Beris. Dalilinsa a fili yake: yana son daula, daula kuma tana son mazauni, ga dukiyar dabbobi da ke buƙatar tsaro, ga shekaru sun ja, jiki ya yi nauyi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ba shi ɗan fata, domin Lij Iyasu na Habasha ya kusanci Musulmi da Turkiyya, har aka aiko masa da wani makanike Bajamushe, Emil Kirsch, don gyaran bindigogi. Amma an tumɓuke Iyasu a 1916, Bajamushen ya gudu ya mutu a hanya, kuma Turawa suka toshe hanyoyin shigar harsashi ta teku.

Da yaƙin duniya ya ƙare, rundunar sojan sama ta Ingila, wadda ke neman hujjar ci gaba da wanzuwarta, ta ce za ta gama aikin da araha, Winston Churchill kuma ya amince. Aka kawo jirage 12 samfurin DH9A a jirgin ruwa zuwa Barbara. Ranar 21 ga Janairu 1920 bama-bamai suka fara sauka a Medishe, inda Sayyid yake. Turawa sun rubuta cewa wani dattijo daga danginsa ya mutu a gefensa, tufafinsa kuma suka babbake. A farkon Fabrairu aka yi wa Taleh ruwan wuta, sojojin raƙuma da mayaƙan dangogi suka shiga ranar 9 ga wata. Cikin mako uku aka gama abin da ya gagara shekara ashirin, kuma a Landan aka riƙa kiransa yaƙi mafi araha, aka ɗauki salon zuwa Iraƙi. Gaskiya ne sojojin ƙasa ne suka yi yawancin aikin, kuma Darawish sun riga sun raunana, amma jirgi yana buƙatar abin da zai gani daga sama, Taleh kuwa ta ba shi.

Sayyid ya tsere zuwa Ogaden, ya ƙi tayin sulhun da Gwamna Archer na Ingila ya aika masa ta hannun malamai. Agana ta shiga sauran mutanensa, mayaƙan Isaaq suka kai musu hari suka kwashe dabbobin da suka rage. Ya ƙarasa Imi, a bakin kogin Shabelle, ya rasu a can a watan Disamba na 1920 sakamakon zazzaɓi, Turawa ba su taɓa kama shi ba. A waƙarsa ta ƙarshe, wadda ake kira wasiyya, ya ce shi ne ya ƙi sayar da addininsa ya ƙi sulhu da kafiri, ya gargaɗi waɗanda suka taimaki baƙo cewa za su ga sakamako.

Bayan 'yancin kai a 1960 masu kishin ƙasa suka ɗauke shi uba, gwamnatin Siyad Barre ta kafa masa mutum-mutumi a kan doki a Mogadishu, aka tattara waƙoƙinsa daga bakin tsofaffin Darawish aka buga su da sabon rubutu, aka sa su a manhajar makarantu. Sai dai wannan gwamnati ta jingina ne da dangogin Darod, waɗanda su ne ƙashin bayan Darawish, kuma ita ce a 1988 ta yi wa Hargeisa da Burao, garuruwan Isaaq, ruwan bama-bamai daga sama. Shi ya sa a Somaliland ta yau, wato yankin arewa da Ingila ta mulka, mutane da yawa ba sa kiransa Sayyid, sai dai ɗan Abdulle Hassan, mai kwashe raƙuman kakanninsu, yayin da a yankin Dulbahante, a Taleh ɗin ce aka yi taron da ya kafa gwamnatin yanki mai suna Khatumo a 2012, kuma har yau akwai rundunonin tsaro a Somaliya da ke amsa sunan Darawish. An tumɓuke mutum-mutumin Mogadishu bayan rushewar gwamnati a 1991, aka sake kafa shi a 2019.